Yadda Ake Shirya Tsohuwar Mota Kafin Hunturu Mai Ƙanƙara

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina da mota mai amfani da fetur wadda ta haura shekara 15, kuma wannan ne karo na farko da za ta yi hunturu a inda sanyi ke sauka ƙasa da sifili, har ruwa ya daskare, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Ba ni da halin gyara komai a lokaci guda. Me ya kamata in fara dubawa, kuma me zan iya ɗagawa zuwa gaba?"

Malam, tsufa shi kaɗai ba ya hana mota ratsa hunturu lafiya, domin akwai motocin da suka girmi taka da ke tashi kowace safiya a ƙasashen da ƙanƙara ke shafe watanni a ƙasa. Abin da ya raba tsohuwar mota da sabuwa shi ne kusan kowane sashe nata ya riga ya cinye wani kaso na ƙarfinsa, kuma a lokacin zafi wannan giɓin ba ya bayyana, saboda ba a neman ƙarfin gaba ɗaya. Idan sanyi ya sauka, aikin yakan ƙara nauyi a daidai lokacin da masu yin aikin suka raunana: baƙin mai ya yi kauri, batir ya yi sanyi, roba ta sandare, fetur ya ƙi zama tururi da wuri. Saboda haka kada ka ɗauki yadda motar ke tafiya yau a matsayin shaidar lafiyarta. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan sha'ani ido bai wadatar ba, domin yawancin abubuwan da zan ambata sai an auna su da na'ura, kuma gara a yi awon tun da sauran makonni kafin daren farko da ruwa zai daskare.

Ka fara da ruwan lagireto, domin gyaransa ne mafi sauƙi, kuma sakaci da shi ne ke jawo asara mafi girma. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma hanyoyin da yake bi a cikin inji ba su da wurin buɗawa. Idan zallan ruwa ne a ciki, ko kuwa maganin hana daskarewa da ake haɗawa da ruwan ya tsinke saboda an yi shekaru ana ƙara ruwan famfo a kansa duk lokacin da ya ragu, dare ɗaya na tsananin sanyi ya isa ya fasa lagireto, ko ya tsaga bulok ɗin injin kansa. Abin takaicin shi ne tsagar ba ta nuna kanta sai ƙanƙarar ta narke, sai mai mota ya tarar da ruwa a kwance a ƙarƙashinta, ko ya zaro sandar auna mai ya ga baƙin mai ya koma ruwan toka saboda ruwa ya shige shi. Akwai wasu ƙananan marufan ƙarfe a gefen bulok da wani lokaci ƙanƙara kan ture su fita, har wasu ke zaton an sa su ne domin su ceci inji, amma ba abin dogaro ba ne ko kaɗan.

Maganin da aka fi amfani da shi ana yin sa ne da sinadarin gilaikol, kuma idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa yana jure sanyi har kusan digiri 37 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne zallan maganin, wanda ba a sirka ba, yana daskarewa tun wajen digiri 13 ƙasa da sifili, kuma ba ya ɗauke zafin inji kamar yadda haɗin ke yi, don haka cika lagireto da shi tsantsa kuskure ne. Kada kason maganin ya wuce kashi 70 cikin 100 ko a wurin da ya fi ko'ina sanyi. Ka karanta jikin galan ɗin tukuna, domin wani an riga an haɗa shi da ruwa tun daga masana'anta, kuma idan kai za ka haɗa, ka yi amfani da tataccen ruwa irin wanda ake zuba wa batir. Launin ruwan da ke cikin motarka ba ya nuna ƙarfinsa. Akwai ɗan ƙaramin ma'auni da ake zuƙo ruwan da shi ya nuna digirin da zai daskare, kuma kowane gareji na kirki yana da shi.

Baya ga daskarewa, maganin yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, waɗanda kan ƙare tun kafin ƙarfin hana daskarewar ya ƙare. Tsohon nau'in da motoci da yawa na da suka zo da shi ana canza shi duk shekara biyu, sababbin nau'o'in kuwa sukan kai shekara biyar. Idan ba ka san lokacin da aka canza na motarka ba, ko ka ga ya yi launin tsatsa, a zubar da shi a wanke hanyoyin a zuba irin wanda littafin motar ya ambata, ba tare da gauraya nau'i biyu ba. A yayin wannan aikin ka matsa kowane tiyo da hannu lokacin da injin ya huce. Wanda ya yi laushi fiye da kima, ko ya kumbura kusa da kilif, ko ya yi tauri yana tsattsagewa, a canza shi. Kada a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi, kuma kada a bar tsohon ruwan a buɗe a ƙasa, saboda yana da zaƙi da ke jan dabbobi da ƙananan yara, alhali guba ne mai lalata ƙoda.

Akwai kuma tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya kai zafin aiki, wanda a yawancin motoci yake tsakanin digiri 82 da 92. A tsofaffin motoci yakan maƙale a buɗe, kuma idan motar ta taɓa zama a yanki mai zafi, mai yiwuwa wani makanike ya cire shi gaba ɗaya da sunan maganin zafin inji. A lokacin hunturu alamar a bayyane take: allurar zafi ba ta hawa tsakiya, ko ta hau a cunkoso ta sauko da zarar an kama babbar hanya, hita kuma tana hura iska mai ɗumi-ɗumi kawai. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai da yawa kuma yana saurin lalacewa, sannan ba za ka samu iskar da za ta share gilashi ba. Idan ka kunna hita ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ko ka ga gilashin gaba yana yin maiƙo daga ciki, ko kafet ɗin gaba ya jiƙe, ƙaramin lagireton hitar ne ke yoyo a bayan dashbod.

Abu na biyu shi ne batir, wanda shi ne ya fi barin mutane a tsaye da safe. Wutar batir daga haɗuwar sinadarai take fitowa, kuma sanyi yana rage saurin wannan haɗuwa, ta yadda a digiri 18 ƙasa da sifili batir na iya rasa kusan rabin ƙarfinsa, a daidai lokacin da kik ke neman wuta fiye da kullum domin ya juya injin da mansa ya yi kauri. A jikin batir za ka ga lamba da haruffan CCA. Wannan lambar tana nuna yawan wutar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a digiri 18 ƙasa da sifili, kuma idan za ka sayi sabo kada ka sayi wanda lambarsa ta gaza abin da aka ƙayyade wa motar. Yawancin batura suna yin shekara uku zuwa biyar, kuma zafin bazara ne ke cin su a hankali, sai hunturu ya tona asirinsu.

Awon farko kai ma za ka iya yi da ƙaramar mita. Bayan motar ta kwana ba a tayar ba, cikakken batir zai nuna folt 12.6 ko sama kaɗan, 12.4 na nufin ya sauka zuwa kusan kashi uku cikin huɗu, 12.2 kuwa rabi ne. Idan inji na aiki, ya kamata mitar ta nuna tsakanin 13.8 da 14.7, kuma abin da ya gaza haka yana nuni ga altaneto ko fanbel mai santsi. Sai dai wannan awon cajin da ke ciki kawai yake nunawa, ba lafiyar batirin ba, domin na sha ganin batir ya nuna 12.6 amma da an murɗa makulli sai wutar ta zube. Saboda haka a kai shi a yi masa gwajin ɗora nauyi, wato a sa na'ura ta ja wuta mai yawa daga gare shi a ga yadda zai jure. Batirin da ya sauka ƙasa da folt 9.6 a wannan gwaji ya gama aiki, kuma a ganina wanda ya haura shekara huɗu kuma sakamakonsa na kan iyaka bai cancanci a shiga hunturu da shi ba.

Ka duba kawunan batirin da kyau. A tsofaffin motoci za ka tarar da wani gari fari ko shuɗi-shuɗi ya taru a kansu, wani lokaci har ya ci ƙarfen maƙalin ya bar shi siriri, ta yadda za ka iya juya shi da yatsu biyu. Wannan kaɗai ya isa ya sa lafiyayyen batir ya yi kamar matacce, ka murɗa makulli ka ji "ƙas-ƙas" fitilun dashbod su dushe. A cire wayar da ke da alamar ragi tukuna, a mayar da ita a ƙarshe, a goge kawunan da buroshin waya har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure su tamau a shafa musu ɗan giris. A bi kuma wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da inji, domin inda aka ɗaure ta yakan yi tsatsa. Wani abin lura shi ne batirin da cajinsa ya ƙare ruwansa ya kusa komawa ruwa zalla, kuma yana iya daskarewa da sanyin da bai kai digiri 10 ƙasa da sifili ba, alhali cikakke yana jure fiye da digiri 50. Idan ka ga gefen batir ya kumbura bayan dare mai sanyi, kada ka yi masa caji kuma kada ka jona shi da wata mota, saboda yana iya fashewa. Idan tafiye-tafiyenka gajeru ne, kana kunna fitila da hita da waifa a lokaci guda, altaneto ba zai samu sukunin mayar da abin da kik ya ɗiba ba, don haka ka riƙa sa batirin a caja lokaci-lokaci ko ka riƙa yin doguwar tafiya a kai a kai.

Game da baƙin mai, lambar da ke gaban harafin W a jikin galan ita ce ke nuna halinsa a sanyi. Ana gwada 20W a digiri 15 ƙasa da sifili, 15W a 20, 10W a 25, 5W a 30, sannan 0W a 35. Masu tsofaffin motoci da yawa sun saba zuba 20W-50 domin ya rage hayaƙi da ƙarar inji, kuma wannan man a safiya mai tsananin sanyi yana zuba ne kamar zumar da ta kwana a sanyi, sai kik ya yi ta fama, sassan saman inji kuma su yi daƙiƙoƙi suna gugar juna kafin mai ya iso gare su. Littafin motarka yana da jadawalin da ya nuna man da ya dace da kowane yanayi, kuma a motoci da yawa masu shekarun taka za ka ga 5W-30 ko 5W-40 ko 10W-40. Ka canza mai da filtarsa kafin sanyi ya shigo, ka kuma riƙa duba sandar awo, domin mai mara kauri yakan bayyana yoyon da mai kauri ya ɓoye. Idan a tsakiyar hunturu ka buɗe murfin zuba mai ka ga wani farin kumfa a ƙarƙashinsa, kada hankalinka ya tashi nan take, domin sau da yawa raɓa ce ta taru saboda gajerun tafiye-tafiye. Amma idan ruwan lagireto yana raguwa tare da wannan alama, a duba gaskit ɗin kan inji.

Fetur mai sanyi yana da wuyar kamawa, don haka raunin tartsatsi da ba a ji a lokacin zafi yakan hana mota tashi a lokacin sanyi da laima. A duba fulogi, idan kuma motar na da wayoyin fulogi da distiribita a duba tsagewa a jikinsu. Hanya mai sauƙi ita ce a buɗe bonet da daddare inji na aiki, idan ka ga ƙananan tartsatsi shuɗaye suna tsalle daga wayoyin, sun gama yayi. Mota mai shekara 15 zuwa 20 kusan tabbas injekta gare ta, kuma a irinta na'urar da ke gaya wa kwamfutar mota zafin ruwa ce ke yanke yawan man da za a fesa lokacin tashi, don haka idan ta lalace motar za ta riƙa wahalar tashi da safe. Wanda motarsa ta tsufa har tana da kafireto, ya tabbatar cok, wato marufin da ke rage iskar da ke shiga kafireto lokacin da inji ke da sanyi, yana rufewa kuma yana buɗewa, sannan tiyon da ke kawo iska mai ɗumi daga kusa da salansa yana nan, saboda in babu shi ƙanƙara kan taru a maƙogwaron kafireto ko da sanyin bai kai sifili ba, muddin akwai laima a iska. Ga masu dizal kuwa, man da aka sayar lokacin zafi yana da kakin da ke fara daskarewa kusa da sifili ya toshe filta, don haka a ƙarar da shi a sha na hunturu, a gwada fulogan ɗumama, a kuma tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin filta. Kowace irin mota ce, ka riƙa barin tanki sama da rabi.

Yanzu ga abin da ba na yarda a ɗaga shi ko da kwana ɗaya, wato salansa. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kashewa. A lokacin zafi tagogi a buɗe suke, mutum ba ya daɗewa a zaune cikin motar da ke tsaye inji na aiki. A hunturu kuwa komai a rufe yake, hita na jan iska, kuma mutane kan zauna suna jiran mota ta yi ɗumi. Tsohuwar mota tana iya haɗa ɓula a bututun hayaƙi da ɓula a daɓenta ko robar but da ta mutu, kuma ta nan hayaƙin ke shiga. A ɗaga motar ko a hau da ita kan rami a bi bututun daga inji har wutsiya. Baƙin tabo na kunkunniya a mahaɗa alamar yoyo ce, haka ma ƙarar "tas-tas" daga gaban inji wadda ke raguwa idan ya yi zafi. Da safiya mai sanyi, farin tururi bai kamata ya fito daga ko'ina ba sai bakin salansa. Ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya ko barcin da ke zuwa a cikin mota ya tafi idan an fita ba abin rainawa ba ne. Kada ka taɓa barin inji na aiki a cikin rufaffen gareji, ko da ƙofar a buɗe take rabi, kuma idan dusar ƙanƙara ta taru a bayan mota ka share bakin salansa kafin ka tayar.

Tayoyi su ne na biyu a cikin abubuwan da suka shafi rai. Robar tayar zafi tana fara tauri da zarar yanayi ya sauka ƙasa da kusan digiri 7, tayar hunturu kuwa an yi ta da roba mai zama da laushi a sanyi, da ƙananan tsage-tsage masu kama ƙanƙara. Alamarta ita ce hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki, kuma haruffan M+S da ake gani a jikin wasu tayoyi su kaɗai ba su kai wannan alama ba. Dokoki sun bambanta: a lardin Kebek na Kanada wajibi ne a sa su daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a Jamus kuwa wajibcin yana hawa ne duk lokacin da hanya ke da ƙanƙara, don haka ka binciki dokar inda kake. Idan za ka sa, ka sa huɗu. Biyu a gaba kawai suna sa bayan mota ya juya a kwana, kuma wannan ya fi wuyar shawo kai fiye da zamewar gaba. Ƙasashe da yawa sun yarda da zurfin zane na milimita 1.6, amma a kan dusar ƙanƙara duk abin da ya gaza milimita 4 suɗaɗɗiyar taya ce. Tsohuwar motar da ba a yawan hawa takan yaudari mai ita, domin zanen na nan da zurfinsa amma robar ta bushe. Ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a gefen tayar: 2318, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta wuce shekara shida a sa mata ido, wadda ta kai goma kuwa a cire ta ko yaya take da kyan gani.

Iskar taya tana raguwa da kusan psi 1 (ma'aunin ƙarfin iskar taya) a duk saukar digiri 5 zuwa 6, don haka ka auna ta da safe kafin tafiya, ka bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, har da safaya. Rage iska da gangan domin taya ta kama ƙanƙara ba dabara ba ce a kan kwalta. Haka kuma motar da ke ja da ƙafa huɗu ta fi saurin tashi a santsi, amma ba ta fi sauran saurin tsayawa ba.

Man birki yana jan laima daga iska, shi ya sa ake canza shi duk bayan shekara biyu, kuma a tsofaffin motoci shi ne ruwan da aka fi mantawa da shi. Tunda an riga an ɗaga motar domin salansa, a duba bututan ƙarfen birki da ke bin ƙarƙashinta, musamman inda aka maƙale su da kusa da tanki, domin tsatsa kan cinye su har su fashe lokacin da aka taka da ƙarfi. Birkin da ke jan mota gefe guda a busasshiyar hanya zai juya ta a kan ƙanƙara. Idan motar na da ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi ƙullewa idan aka taka birki, a lokacin gaggawa ka taka da ƙarfi ka riƙe ko da fedar tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka, kuma idan fitilarsa ta ƙi mutuwa a dashbod a gyara. Idan ba ta da shi, sai ka riƙa takawa kana sassautawa domin kada tayoyi su ƙulle. Wayar birkin hannu da robarta ta tsage takan sha ruwa ta daskare cikin dare, don haka a fili mai shimfiɗe gara ka bar motar a giya maimakon ka ja shi.

Sauran abubuwan gani ba su da wahala. A canza robar waifa, a zubar da ruwan wanke gilashi na zafi a zuba mai jure sanyi, a fesa har sabon ya iso bakin nozul. A gwada dukkan fitilu da wayoyin ɗumama gilashin baya, a goge murfin fitilun gaba idan ya yi dishi-dishi. Na'urar sanyaya mota tana busar da iska, don haka kunna ta tare da hita yana share gumin gilashi da sauri, kuma a kashe maɓallin da ke juya iskar cikin mota. Kada ka zuba ruwan zafi a kan daskararren gilashi, musamman mai tabon dutse, domin zai tsage, kuma kada ka kunna waifa alhali ta manne. Ɗan man silikon a robar ƙofofi yana hana su mannewa.

Wajen tayar da mota da safe, ka kashe fitila da hita da rediyo, ka taka kuloci idan mai giyar hannu ce, ka murɗa makulli na daƙiƙa goma, idan ba ta kama ba ka dakata rabin minti domin kik ya huce. Mota mai injekta ba ta buƙatar dogon ɗumi a tsaye. Minti ɗaya ya isa mai ya zagaya, kuma da zarar gilashi ya washe sai ka tafi a hankali ba tare da matsa totur ba har allurar zafi ta hau, domin inji ya fi saurin ɗumi yana tafiya. Mai kafireto takan so 'yan mintoci kafin ta daidaita. Inda sanyi ke wuce digiri 20 ƙasa da sifili a kai a kai, hitar bulok, wadda ke ɗumama inji idan aka jona ta da wutar gida, ta cancanci kuɗinta, kuma awa biyu zuwa huɗu kafin tafiya sun wadatar. A but kuwa ka ajiye wayoyin jona batir, abin kankare gilashi, ƙaramin shebur, tocila, bargo da ɗan buhun yashi. Wajen jonawa, jar waya ta haɗa kawunan da ke da alamar tarawa na baturan biyu, baƙar kuma ta tashi daga kan ragi na lafiyayyen batir zuwa wani ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batirinta, domin tartsatsi kusa da batir yana iya kunna iskar da yake fitarwa.

Abin da za ka iya ɗagawa shi ne duk wanda bai shafi tsayawa ko gani ko numfashi ko daskarewa ba: ɗan yoyon mai da ba ya ɗiga a ƙasa, ƙarar da ba ta ƙafa ko sitiyari ba, lotsewar jiki da fenti. Bel ɗin taimin, wato bel ɗin roba da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul ɗin inji, ba ya cikin waɗannan idan wa'adinsa ya wuce, saboda tsohuwar roba ta fi saurin tsinkewa lokacin tayar da inji mai sanyi, kuma a injuna da yawa tsinkewarsa na lanƙwasa bawul. Tsatsa kuma tana tsakiya. Gishirin da ake watsawa a hanya domin narkar da ƙanƙara yana shiga kowane lungu na ƙarƙashin mota, don haka kafin hunturu a wanke ƙasan, a buɗe ƙananan ramukan tsiyayar ruwa da ke gindin ƙofofi, a taɓa fenti inda ƙarfe ya fito, in da hali a fesa kakin hana tsatsa. A cikin hunturun a riƙa wanke ƙarƙashin a ranakun da sanyi ya haura sifili, a goge robar ƙofofi bayan wankin. Gareji mai ɗumi yana taimakon batir amma yana hanzarta tsatsa idan aka shigar da mota da gishiri a jikinta, saboda gishirin ya fi cin ƙarfe idan ƙanƙarar ta narke. Idan makanike ya soka sukundireba a inda ƙafar mota ke ɗaure da jikinta ko a inda ake kafa jak ya ga ƙarfen yana ɓarɓashewa, ka tsayar da sauran sayayyar, a fara tantance ko walda za ta iya ceton wurin kafin ka kashe ko sisi a kan tayoyi da batir.